Kafin Ka Sayi Tsohuwar Fostar Fim ɗin Waƙa da Soyayya

Duk wanda ya tashi yana kallon finafinan Indiya a gidajen silima na Kano irin su Plaza ya san cewa fostar da aka manna a bakin ƙofa ita ce take fara jan hankali tun kafin mutum ya yanki tikiti. Sha'awar nan ce ta kai ni ga tara tsofaffin fostocin finafinan waƙa da soyayya da barkwanci, na Amurka da na Indiya, kuma ta taɓa jawo mini asarar da ba na fatan wani ya yi irinta.

Abin da ya fi kwanta mini a rai, wanda nake ba duk mai farawa shawarar ya nema, shi ne katin haraba, wanda masu sayarwa a intanet suke kira lobby card. Girmansa inci 11 da 14 ne, ana buga shi a takarda mai kauri, kuma galibi kowane fim yakan zo da jerin guda 8, ɗaya mai ɗauke da sunan fim da na taurari, wanda ya fi sauran tsada, ragowar kuma hotunan wasu wurare ne daga cikin fim ɗin. Ba a ninke shi, kuɗin aiko shi daga Amurka bai kai na babbar fosta ba, kuma idan aka sa shi a gilashi ya fi jure wa danshin damina. Ina da guda ɗaya na fim ɗin Gentlemen Prefer Blondes na 1953, wanda Marilyn Monroe da Jane Russell suka fito a ciki, kuma ƙananan ramukan allura da ke kusurwoyinsa, shaidar cewa an taɓa kafa shi a bangon wata silima, sun fi burge ni a kan sabuwar takarda tas.

Babbar fostar Amurka mai inci 27 da 41 tana da kyau, amma ta shahararren fim ta fi ƙarfin aljihun mai farawa. Fostocin Indiya da aka zana da hannu, irin na Padosan na 1968, launinsu yana ɗaukar ido, sai dai takardar ba ta da ƙwari, kuma an sha sake buga su ba tare da rubuta shekara ba. Sabon bugu kuwa adon ɗaki ne kawai.

Inda ake cutar mutane shi ne sayar da sabon bugu da sunan na asali. Na taɓa biyan kuɗi masu kauri ga wani mai sayarwa a intanet don fostar Singin' in the Rain, wadda ya rantse ta 1952 ce. Ta iso a nannaɗe cikin kwali mai kama da bututu, tana sheƙi, babu alamar ninki ko ɗaya, kuma da na auna ta sai na ga inci 27 da 40 ce, girman da ba a fara amfani da shi ba sai a shekarun 1980. Fostocin wancan zamani a ninke ake aika su gidajen silima, saboda haka rashin ninki abin tuhuma ne. Gefunanta kuma an rina su da wani abu kamar ruwan shayi don su yi kama da tsufa.

Tun daga ranar nake duba lambar National Screen Service, kamfanin da yake rarraba wa gidajen silima na Amurka fostoci a wancan zamani, da ke ƙasan fosta ko kati, wadda take farawa da shekarar fim, kamar 52 a madadin 1952, kuma idan harafin R ya gabace ta, to, bugun sake nuna fim ne, darajarsa ba ta kai ta farko ba. Nakan kuma sa gilashin ƙara girma a kan ƙananan rubuce-rubucen da ke ƙasa, domin a jabu sukan fito dishi-dishi, tun da hoton wata fosta aka ɗauka aka sake bugawa. Katin haraba ma bai tsira ba, don an taɓa kama masu manna sabon hoto a kan tsohon kati. Takardar shaidar inganci da mai kaya ya rubuta da kansa ba hujja ba ce. Ka nemi ya turo maka hoton bayan takardar da na kusurwoyinta tare da ma'auni a gefe, kuma idan ya fara kame-kame, ka riƙe kuɗinka.