Haɗa faifai biyu a kwamfuta: wane tsari, wace manhaja, wane faifai?

Duk mai son haɗa faifan ajiya biyu su yi aiki tare, ya fara da tunanin ranar da ɗaya zai mutu, don ba makawa sai ya mutu. RAID shi ne sunan tsarin haɗa faifai su yi aiki kamar ɗaya, kuma iri-iri ne. RAID 0 yana daddatsa bayanai ya raba wa faifan biyu, a samu sauri da wadatar wuri, amma da ɗaya ya lalace komai ya tafi. Aikin wucin gadi irin tace bidiyo ne kawai ya dace da shi. RAID 1 kuwa abin da ya rubuta a wannan shi yake rubutawa a wancan: kuɗin faifai biyu, wurin ɗaya. Ka dai sani cewa fayil ɗin da ka goge bisa kuskure a duka biyun yake gogewa, saboda haka sai ka ajiye kwafi a wani wurin daban.

Sai manhajar da za ta haɗa su. A Linux, manhajar mdadm ce tsohon hannu, kuma gano matsala da ita ba wuya. Ka duba fayil ɗin /proc/mdstat: UU na nufin lafiya lau, U_ kuwa faifai ɗaya ya fita. Raunin mdadm shi ne idan kwafin biyu suka saɓa wa juna, ba ta da hanyar sanin wanne ne daidai. Nan ZFS, wani tsarin adana fayiloli mai haɗa faifai da kansa, ya fi ta, domin kowane guntun bayani yana da lambar tantancewa. In ya tarar da ɓataccen kwafi sai ya gyara shi daga mai kyau. Ni shi zan zaɓa don hotuna da takardun da za su daɗe a ajiye, ko da yake yana son RAM mai ɗan yawa. Btrfs, wani tsarin adana fayiloli irin ZFS, shi ma yana wannan tantancewa, sai dai a guji nau'o'in RAID 5 da 6 nasa, waɗanda masu haɓaka shi da kansu suka yi gargaɗi a kai. Mai Windows yana da Storage Spaces, manhajar haɗa faifai da ke cikinsa.

Sau da yawa abin da ake ɗora wa manhaja laifin faifai ne. Faifan kwamfutar tebur na gama-gari, in ya ci karo da wurin da ba ya karantuwa, yakan daɗe yana sake gwadawa, alhali Linux daƙiƙa 30 yake jira. Ƙarshenta a kori faifan da bai mutu ba. Waɗanda aka ƙera don NAS, wato na'urar ajiyar bayanai da kwamfutoci ke amfani da ita ta hanyar sadarwa, sukan haƙura cikin daƙiƙa 7 su kai rahoto, sai a ɗauko bayanin daga ɗan'uwansa. Umarnin smartctl -l scterc zai nuna maka ko naka yana da wannan dabara.

Sai batun SMR, wata hanyar rubutu a faifai inda layukan rubutu suke hawa kan juna. Irin wannan faifai yana ja da baya sosai lokacin sake gina tsari bayan an sauya wanda ya mutu. A 2020 aka gano wasu faifan WD Red na kamfanin Western Digital na SMR ne, daga baya kamfanin ya ware Red Plus a matsayin CMR, wato faifan da layukan rubutunsa ba sa hawa kan juna. Kafin ka biya kuɗi, nemi lambar samfurin ka tabbatar an rubuta CMR a takardar bayanansa.