Kambas ko takalmin fata a kan Hanyar Otter

Ƙanena, tunda ka ce kambas na hawan dutse da takalmin fata mai dogon wuya ne ka rasa wanda za ka saya don Hanyar Otter, wato hanyar tafiya a ƙafa ta Afirka ta Kudu, ni kambas zan ce ka ɗauka, domin shi ya kai ni ya dawo da ni.

Hanyar nan kimanin kilomita 45 ce, daga bakin kogin Storms zuwa Nature's Valley, kwana 5 a gefen Tekun Indiya, kuma mutum 12 kawai ake bari su tashi a rana. Tsawonta ba zai tsorata wanda ya taɓa yawo a duwatsun Rumsiki na arewacin Kamaru ba. Abin da mu 'yan Garwa ba mu saba da shi ba shi ne jiƙa: ka hau kan gaɓar dutse teku na ruri a ƙarƙashinka, ka sauko cikin duwatsu masu gansakuka, ka tsallake kogi, ka sake hawa da abincin kwana biyar a bayanka.

A rana ta huɗu, wadda ta fi kowace tsawo da kusan kilomita 14, akwai kogin Bloukrans, wanda ba a ƙetare shi sai lokacin da teku ya janye. Mun bar bukkar Oakhurst, inda muka kwana, tun kafin asuba da tocila don mu cim ma lokacin, amma duk da haka ruwan ya kai mini ƙirji, na ɗora jakata a ka kamar mai tallan goro. Ban cire kambas ɗina ba saboda kaifin duwatsun da ke ƙasa. Da na fito sai na matse safa, na juye yashin da ya shiga, na ci gaba, kuma da na jingina shi a bakin bukkar André, masaukinmu na wannan dare, kafin gari ya waye iska ta busar da shi. Har yau yana nan. Da shi nake hawa tsaunin Tingelin da ke kusa da Garwa idan damina ta ɗauke.

Na fata kuwa, gaskiya yana riƙe idon sawu idan kaya sun yi nauyi, amma abokin tafiyata da ya sa shi, da danshi ya ƙarasa, da bororo biyu a diddige, domin ruwan da ya shiga ta wuya ba shi da hanyar fita.

Ka kula da masu gwanjo. Kafin tafiyar na sayi wani na fata a hannun wani ɗan kasuwa a nan gari, sefa 25,000, yana rantsuwa cewa sabo ne fil daga Faransa. Mako biyu ban cika ba ƙasansa ya ɓare kamar busasshen burodi. Robar da ke tsakanin fata da ƙasan irin waɗannan takalma tana ruɓewa idan sun daɗe a ajiye cikin zafi da laima, ko da ba a taɓa taka su ba, sai a shafa gam a goge da mai a ɗora a tebur. Tambari mai ruwan ɗorawa na Vibram, kamfanin da ke yin ƙasan takalma, ma ana liƙa na jabu. Ka lanƙwasa takalmin da hannu biyu, ka danna farce a gefen robar. In ta tsage ko ta yi gari, ajiye masa kayansa.

Ka sayi kambas ɗin da yamma, lokacin da ƙafa ta ɗan kumbura, sanye da safar da za ka yi tafiyar da ita, ka bar wurin babban yatsa ɗaya a gaba saboda gangara. Ka taka shi wata guda a yashin bakin Binuwai kafin ka hau jirgi.