Sharhi a kan jitar lantarki ta haɗa-da-kanka: sati uku ina faɗa da ƙugi, ashe waya biyu aka juya

Da a satin farko na rubuta wannan sharhin da tauraro ɗaya zan ba su, shi ma don babu wurin danna sifili. Yanzu zuciya ta ɗan sauka, amma dai ku bi ni a hankali don har yanzu in na tuno wani abin raina sake ɓaci yake.

Kit ne na jita irin fasalin Stratocaster ta kamfanin Fender, wanda ake aiko maka gangar jiki daban, wuya daban, sai ƙarafuna da sukurori a cikin ledoji, kai ka goge ka yi fenti ka ɗaure. Kun san masu sayar da shi, ba sai na faɗi suna ba. Abin da ya ja ni a tallar shi ne sun ce ba ka buƙatar solda ko kaɗan, duk wayoyin an riga an haɗa su a jikin farantin roban nan na gaba, kai dai ka soka fulogi a fulogi, fari da fari baƙi da baƙi, shi ke nan. Ni kuwa a lokacin ban taɓa riƙe ƙarfen solda da sunan aiki ba, sai na ce to wannan nawa ne.

Ɓangaren katako gaskiya ba ni da ta cewa. Wuyan ya shiga raminsa cif, ko takarda ba za ka iya zurawa a gefe ba, har ɗaga jitar na yi ta wuya kafin in sa sukuru bai zame ba. Na auna daga bakin wuya zuwa na 12 cikin ƙarafunan da aka jera a kan wuyan na samu milimita 324, wato rabin 648, inci 25 da rabi kenan da Fender suke amfani da shi, ramukan jaki ma suna inda ya kamata (jaki nake nufi na tsirkiya, ƙarfen da take hawa kai a gangar jitar, ba mai kunnuwa ba). Na yi kwana da kwanaki ina guga da samfefa, na shafa mai sau shida, ta fito tana sheƙi har ina ɗaukar ta hoto kamar sabuwar jaririya.

Sai ranar da na ɗaura tsirkiyoyi na jona ta da amfilifaya.

Kai jama'a. Ƙugi ne ya fito, zuuuuu, kamar ka tsaya a ƙarƙashin tiransifoma. Sautin jitar yana nan fa, ana ji, amma can ƙasan ƙugin yake kamar mai magana a cikin rijiya. Abin da ya fi ɗaure min kai, da na ɗora hannu a kan tsirkiya sai ƙarar ta ninka, har da wani ƙarar-ƙarar kamar ana soya abu, in na ɗaga hannu ta ɗan ragu. Ku riƙe wannan maganar don a nan gizo yake saƙar, ni ne dai ban sani ba a lokacin. Uwargida ta leƙo ta ce, "Baban yara, wai injin markaɗe ka haɗa ne ko jita?" Na yi dariya amma ta ciki na ciki.

Na ɗauki bidiyo, na nuna musu ƙarara yadda ƙarar take ƙaruwa in na taɓa tsirkiya, na tura. Kwana huɗu shiru. A na biyar aka turo min amsa wadda kana gani ka san kwafe ta ake yi ana liƙa wa kowa, wai ai fikof (abin da yake ɗaukar sautin tsirkiya) mai naɗi ɗaya dama haka yake, yana ɗaukar ƙugin wutar gida, in liƙa tef ɗin jan ƙarfe a cikin ramin jitar, in kuma ina son shiru gaba ɗaya in sayi hambaka, wato fikof mai naɗi biyu, ga ma hanyar shagonsu. Abin haushin shi ne maganar ba ƙarya ce zalla ba. Fikof ba komai ba ne illa maganaɗisu da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe wajen sau 8,000, tsirkiya tana kaɗawa a kansa yana haifar da 'yar wuta, to yadda yake jin tsirkiya haka yake jin wutar bango mai bugawa sau 50 a daƙiƙa, ko 60 a wurare irin su Amurka. Don maganin wannan ne ma Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson mai naɗi biyu da suke kashe ƙugin juna, aka fara sa shi a jitocinsu a 1957. Duk na karanta wannan, sai na ce to ai sun fi ni sani. Na yarda.

Na sayo tef ɗin, mai gam ɗin da wuta take bi ta cikinsa. Na kwance tsirkiya shida, na kwance sukuru goma sha ɗaya na farantin gaba, na zauna tun bayan la'asar har dare ina yanka ina liƙawa lungu-lungu, gefen tef ɗin nan kaifi gare shi kamar reza, sai da ya tsaga min babban yatsa sau biyu. Ramin ya koma ja wur, kyakkyawa, har na ji tausayin rufe shi. Na mayar da komai, na jona.

Ƙugin ya ƙaru. Wallahi ƙaruwa ya yi. Yanzu ko hannu na kawo kusa da farantin ban taɓa ba sai ya yi gurnani, har wata tashar rediyo na fara jiyowa sama-sama a cikin sifika. An gudu gara an faɗa gidan zago kenan.

Daga nan ne na fara ɓarnar kuɗi. Na canza igiyar jona jita, babu canji. Na kai amfilifaya wani ɗakin, na kashe fanka, na kashe ƙwan lantarki, na cire cajar waya, duk a banza. Sai na yanke hukunci fikof ɗin ne na banza, araha ba ta ado, na yi odar sababbi guda uku masu maganaɗisun alniko waɗanda kuɗinsu ya kusa kamo rabin na kit ɗin gaba ɗaya. Su kuma waɗannan ba su da fulogi, dole solda. Ga ni nan dai, wanda ya sayi abu don gudun solda, na je na sayo ƙarfen solda mai wat 25. Ban san cewa ƙaramin ƙarfe ya fi babba ɓarna a irin wannan aikin ba, domin bayan maɓallin bolum ƙarfe ne mai shanye zafi, dalmar ta ƙi kamawa sai dunƙulewa take kamar kashin awaki tana gangarowa, ni kuma na danne ƙarfen a kai kusan minti guda ina jira. Da na gama, bolum ɗin ya daina juyawa sumul, yana ƙarar yashi, wani wurin ma sauti ya ɗauke ɗif. Na dafa shi. Kuma bayan duk wannan, sababbin fikof ɗin da na kashe wa kuɗi, ƙugin nan yana nan daram yadda na bar shi.

Ranar na jingine ta a bayan ƙofa na ce na haƙura, ta zama ado.

Yayana ne ya zo, shi tsohon mai gyaran rediyo da talabijin ne, bai san komai a kan jita ba, ko riƙe ta bai iya ba. Na kunna masa don dai in yi ƙorafi. Ya sa yatsa a tsirkiya ya ɗaga, ya sake sawa ya ɗaga, sai ya kalle ni ya ce, "Kai, miƙo min mita." Na ce Yaya ai ba ni da mita. Ya ce, "Ka sayi duk wannan tarkacen ba ka sayi mita ba?" Ban ce komai ba. Ya fita mota ya ɗauko tasa, wata tsohuwa da aka ɗaure murfin batirinta da salatif. Ya soka igiya a jitar, ya riƙe ɗaya bakin da yake shiga amfilifaya, ya sa mitar a wurin da take ƙara in waya ta haɗu. Tsinke ɗaya a kan tsirkiya, ɗaya a jikin fulogi. Shiru. Ya matsar da shi zuwa kan fulogin, ɗan tsinin nan. Ɗiiiit.

Ya nuna inda ake soka igiya a jitar ya ce, "An juya maka soket. Kwance shi."

Sukuru biyu ne kawai. Sukuru biyu! Duk kwance-kwancen da na yi na sati uku ban taɓa waiwayar soket ɗin ba saboda shi a haɗe ya zo, kuma sun rufe ƙafafunsa da baƙar roba mai tsukewa, tsaf-tsaf kamar aikin ƙwararru. Da Yaya ya yanke robar sai ga shi, farar waya mai ɗauke da sauti an liƙa ta a ƙafar ƙasa, baƙar wayar ƙasa kuma an liƙa ta a ƙafar sauti. Ya yi min bayani yana hura ƙarfen solda: duk ƙarfen da yake jikin jitar, tsirkiya da jaki da bayan maɓallai, ana haɗa su ne da wayar ƙasa don su kwashe hayaniya su zubar, shi ya sa a lafiyayyar jita in ka taɓa tsirkiya ƙara raguwa take. Tawa kuwa duk waɗannan ƙarafunan kai tsaye suke shiga bakin amfilifaya, ni da kaina na zama eriya. Tef ɗin jan ƙarfen da na sha wahala a kansa kuma, ƙara wa eriyar faɗi na yi. Bai kai minti uku ba ya sauya su. Na jona, na buɗe bolum, na ɗauka ma wuta aka ɗauke don shirun da na ji. Na kaɗa tsirkiya ɗaya sai ga sauti tas kamar ƙararrawa.

To a nan ne ra'ayina ya fara juyawa, don da na mayar da fikof ɗinsu na asali in gwada, wallahi ba su da laifi. Na auna su da sabuwar mitata (eh, na saya) duk suna wajen 6k, wato om dubu shida a ma'aunin turjiyar wuta, daidai da irin na wannan fasalin. Na tsakiyar ma an naɗe shi a juye da gangan, maganaɗisunsa ma a juye, shi ya sa in ka sa makunnin zaɓen fikof a matsayi na 2 ko na 4, inda na tsakiyar yake aiki tare da wani, ɗan ƙugin da ya rage ɓacewa yake gaba ɗaya, ga wani sauti mai daɗi kamar ana magana ta hanci. Ban zaci samun wannan a kit mai araha ba. Kwana biyu ina kaɗawa har yatsu suka yi kanta, na ce kai tauraro huɗu zan ba su, kuskure ai na kowa ne.

Sai da na zo canza bolum ɗin da na ƙona na juya bayansa na ga an buga 500k. Duka maɓallan ukun, na bolum da biyun daidaita sauti, 500k. Wanda duk ya ɗan karanta ya san fikof mai naɗi ɗaya da 250k ake haɗa shi, 500k na hambaka ne, shi ya sa fikof na bayan nan kusa da jaki yake tsaga kunne kamar ana goga cokali a faranti. A takardarsu kuma 250k suka rubuta, na koma na duba. Na canza su duka, na sa kafasita 0.047, ɗan abin da yake rage kaifin sauti, wannan karon da ƙarfe mai wat 40 kuma na kankare bayan maɓallin da samfefa tukuna kamar yadda Yaya ya nuna min, daƙiƙa uku dalma ta kwanta luf tana ƙyalli. Sautin ya yi taushi. Amma ni na biya, ba su ba. Ga bakin ƙarafunan wuya da suke karce tafin hannu in ka zame, da na yi niyyar yafe musu wannan, yanzu na fasa.

Kuma abin da ya fi tsaya min a rai ba soket ɗin ba ne, wanda yake liƙa ɗaruruwa a rana dole wata rana hannu ya kuskure. Bidiyon nan ne. Na nuna musu alamar da mutumin da bai taɓa kaɗa jita ba ya gane cikin daƙiƙa goma, su masu sayar da jita suka ce in sayi tef, in ƙara sayen fikof a wurinsu. Ko dai ba su buɗe bidiyon ba, ko sun buɗe ba su san aikinsu ba, ku zaɓa musu ɗaya. Da na tura hoton soket ɗin da robar a yanke, a ranar suka amsa, wai suna ba da haƙuri, za su aiko da wani, ga kuma ɗan rangwame in zan sake sayayya. Maganar kuɗin tef da fikof da bolum ko tari ba su yi ba.

Tauraro uku. Wuyan da katakon su suka ci biyu, fikof na tsakiya ya ci ɗaya. In kana da mita kuma ka iya solda ko kana da yaya irin nawa, saya, za ka ji daɗinta. In kuwa maganar "ba sai ka yi solda ba" ce ta ja ka kamar yadda ta ja ni, to ka sa mita a cikin odar tun yanzu, kuma kafin ka ɗaura tsirkiya ko ɗaya ka taɓa jaki da jikin fulogi da tsinkayen mitar ka ji ta yi ƙara.

Soket ɗin da suka yi alkawari ya iso jiya, bayan wata guda. Ko daga leda ban gama fitar da shi ba na ɗora masa mita. Wannan daidai yake. Yana cikin durowa tare da fikof ukun nan masu tsada da sauran rabin tef, kuma akwai wani guntun katako mai kauri da nake ta kallo tun shekaranjiya, uwargida ta riga ta ce in dai a falo zan yi gugar to ba ta yarda ba.