Maƙerar farfaru a Maradi: allon ƙofa da aikin ciki

Allon ƙofar wannan maƙera, kusa da babbar kasuwar Maradi, ya faɗi sana'ar tun daga nesa. Mai zanen ya sa zuga-zugi, uwar maƙera da awartaki, sai ma'auni a tsakiya, alamar cewa da awo ake cinikin azurfa. Gudumar dai ya zana ta ƙatuwa, irin ta maƙeran babbaƙu, kuskure ne.

Aikin ciki ya fi allon. Zobbansu na da hatimin 925, wato kashi 92.5 cikin ɗari azurfa, sauran jan ƙarfe. In jan ƙarfen ya yi yawa, zobe kan bar kore a yatsa. Nasu ba ya yi. Mahaɗin awarwaro ne da rauni: waldar siririya ce, tana ɓallewa in an yawaita buɗewa.