Inshorar NHIA: Ta rage min kashe kuɗi, amma sai da na buɗe baki

Ni ma'aikaciyar gwamnatin tarayya ce, kuma da katin inshorar lafiya na NHIA, wato Hukumar Inshorar Lafiya ta Ƙasa, muke zuwa asibiti ni da maigidana da yaranmu. A kan ƙananan larurori ba ni da ƙorafi. Zazzaɓin cizon sauro, awon ciki, tarin yara, duk ganin likita kyauta ne, magani kuma kashi 10 cikin 100 kawai ake biya. Tsarin yana ɗaukar ma'aikaci da abokin aurensa ɗaya da 'ya'ya huɗu 'yan ƙasa da shekara 18, don haka mai babban gida ya san da wannan tun da wuri.

Inda na ga ainihin halin tsarin shi ne lokacin da hoton ciki ya nuna ina da ƙari a mahaifa. Asibitin da na yi rajista ba sa irin wannan tiyata, sai an tura mutum gaba, turawar kuma ba ta yiwuwa sai kamfanin HMO, wato kamfanin da ke tsakanin hukumar da asibiti wajen biyan kuɗi, ya ba da lambar izini. Na yi zaman benci har na gaji, ma'aikacin teburin inshora yana ta cewa, "Hajiya, a ƙara haƙuri, ba su turo ba." A 2025 hukumar ta umarci kamfanonin su riƙa ba da izinin cikin awa ɗaya, nawa dai ya riga wannan umarni.

Jiran bai dame ni kamar abin da ya biyo baya ba. Likitan da aka tura ni wurinsa ya duba hoton, ya ce za a cire mahaifar, ya zaro takardar amincewa ya miƙa wa maigidana, ni ina zaune a gabansa. Cikina za a yanka, amma wani ake nema ya sa hannu. Na ce, "Likita, babu wata hanya sai wannan?" Sai a lokacin ya ajiye biro. Ya ce ana iya cire ƙarin a bar mahaifar, sai dai an fi zubar da jini, kuma ƙarin yana iya dawowa. Akwai kuma magungunan da ke rage jinin al'ada, amma ba sa kawar da shi. Duk wannan bayani yana bakinsa tun farko, tambaya ce kawai ba a yi ba.

Abin da yawancinmu ba mu sani ba, wannan bayani ba alfarma ba ne. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta wajabta wa ma'aikacin lafiya ya gaya wa majinyaci halin da yake ciki, da hanyoyin maganin da ake da su, da amfani da haɗari da kuɗin kowacce, da kuma 'yancinsa na ƙin karɓa, cikin harshen da yake ji. A 2018 ma an ƙaddamar da kundin haƙƙoƙin majinyata a Abuja. Kamfanin inshora yana da hurumin cewa ga abin da zai biya, ga wanda ba zai biya ba. Zaɓin abin da za a yi wa jikinki kuwa naki ne, ko da zai kai ki ga cikawa daga aljihu.

Na zaɓi a bar mahaifar, ni na sa hannu, maigida ya zama shaida. An yi aikin lafiya, inshora ta ɗauki kuɗin tiyata da gado, 'yan'uwa suka ba da jini.

Wurin magani ma akwai gyara. Sau da yawa za a ce "babu," a rubuto ki saya a kemis, ko a sauya miki wani ba tare da an faɗa ba. Yanzu ba na barin taga sai na tambayi sunan abin da aka ba ni da dalilin sauyin. Asibitin farkon kuma na bar shi, domin tsarin ya yarda mutum ya sauya bayan wata shida. Na cike fom, na koma wani da ke da likitan mata a cikin gida.