R100RT ko Gold Wing: wanda zan ɗauka in farfaɗo da shi

Malam, tsakanin tsofaffin baburan tafiya biyun da ka ce ka samu a yashe, wato BMW R100RT na 1980 da Honda Gold Wing GL1100 na 1982, ka ɗauki BMW ɗin, matuƙar lambobin jikinsa sun yi daidai da na takardunsa. Ba zan ɓoye maka ba, ina da irinsa na 1979, kuma ni na tashe shi da hannuna, saboda haka ka san ɓangaren da zuciyata ta karkata kafin ka ci gaba da karantawa.

Lokacin da na ga nawa, yana jingine a bayan wani ɗakin ajiya an lulluɓe shi da tampol, tayoyinsa sun kwanta, ɓeraye sun yi sheƙa a gidan matatar iska, fetur ɗin da ya rage a tanki kuma ya daskare ya koma kamar ƙaro. Ban yi gangancin sa batir in danna ba. Na kwance filogi biyun, na ɗiga bakin mai a kowace silinda, na bar shi kwana huɗu, sannan na sa shi a babbar giya na riƙa juya tayar baya a hankali har na ji fistin ya motsa. A nan ne na fara gane abin da ya sa masu wannan babur ba sa rabuwa da shi. Injinsa mai siisii 980 ne, silinda biyu kacal, ɗaya ta leƙo dama ɗaya hagu, kuma iska ce ke sanyaya shi, don haka babu lagireto, babu famfon ruwa, babu tiyon da zai ruɓe. Mutum yana zaune a kan ƙaramar kujera zai buɗe murfin silinda ya saita bawul, kafireta biyun kuma, ƙirar Bing, suna waje fili inda hannu yake kaiwa ba tare da an kwance rabin babur ba. Na wanke su, na canza robar da ke samansu wadda ta tsage saboda tsufa, na wanke tankin nan mai cin lita 24, na sauya mai a wurare huɗu: inji, giya, farfela da gidan giyar tayar baya, domin babur ne da ba ya amfani da sarƙa. Man giyar ya fito fari kamar an dama shi da ruwa, kuma dalilin shi ne robar da ke bakin wayar mita ta bushe, ruwa ya riƙa bi ta wurin yana shiga. Ka duba wannan a naka tun kafin ka biya kuɗi.

Ranar da ya tashi, sai da ya yi tari sau uku, ya cika wurin da hayaƙi, sannan ya daidaita yana wani kaɗawa a hankali, kuma da na murɗa masa wuta sai na ji ya ɗan karkata dama, kamar yadda irin wannan inji ya saba. Na kashe shi na zauna a ƙasa kusa da shi na ɗan lokaci, ƙanena da ya riƙe mini tocila yana ta dariya.

Ba na cewa ba shi da wahala. Na 1980 yana cikin na ƙarshe da ke da silinda mai rigar ƙarfe, wadda tsatsa kan ci idan ruwa ya kwanta a ciki, domin sai a 1981 kamfanin ya koma silindar Nikasil (mai shafen nikel a ciki maimakon rigar ƙarfe) da kuloci mara nauyi da wutar filogi ta lantarki. Tukunyar man birkin gaba kuma a ƙarƙashin tanki take, idan ta yi yoyo sai ta cinye fentin sasis ba wanda ya gani, saboda haka ka ɗaga tankin ka leƙa. Amma duk waɗannan aiki ne da mai haƙuri zai iya da sifana da sukudireba, kuma har yanzu ana samun kayan gyaransa sababbi, tunda an ci gaba da ƙera shi, ban da ɗan hutun da aka yi a tsakiyar shekarun 1980, har zuwa 1996.

Gold Wing kuwa, zan yarda cewa ya fi shi laushin tafiya da daɗin zama, kuma wanda ake hawa kullum yana daɗewa ƙwarai. Sai dai wanda ya shekara goma a ajiye wani abu ne daban: kafireta huɗu a haɗe, lagireto da famfon ruwa, bel biyu na taimin waɗanda idan ɗaya ya tsinke fistin zai daki bawul, kwayil ɗin cajin batir da ba a kai masa sai an sauke inji gaba ɗaya, ga nauyin da ya haura kilo 300 idan mai cikakkiyar riga ne. Idan ba bakanike ba ne kai, zai iya kwana a harabarka ya ƙara wasu shekaru goman.

Wajen bin diddigin tarihi ma BMW ɗin ya fi saurin buɗe baki. A BMW na wancan zamanin, lambar da aka buga a wuyan sasis ita ce aka buga a jikin inji kusa da sandar auna mai, don haka kallo ɗaya zai gaya maka ko an taɓa canza masa inji. Sashen kayan tarihi na kamfanin, BMW Group Classic da ke Munich, yana bayar da takardar shaida daga kundinsa idan ka aika masa lambar da hujjar mallaka. Tawa ta nuna mini ranar da babur ɗin ya fito daga masana'antar Berlin da launinsa na asali, kuma da na kankare fenti kaɗan a cikin murfin gefe sai ga launin nan a ƙasa. Sauran labarin babur ɗin ne da kansa ya ba ni. Lambar kwanan wata da ke jikin tayoyinsa alƙaluma uku ce, ba huɗu ba, wanda ke nufin an yi su kafin shekarar 2000, ke nan ya daɗe a kwance fiye da yadda aka gaya mini. A cikin akwatin kayan aiki da ke ƙarƙashin sirdi kuma na tsinci wani ɗan littafi da mai ya jiƙa, inda wani mai shi na farko ya riƙa rubuta duk ranar da ya canza mai da adadin kilomitar da ke kan mita. Lissafinsa ya haura 90,000 sannan ya tsaya, alhali mitar tana nuna mini 21,000 da 'yan kai. Mitar alƙaluma biyar gare ta, tana kai 99,999 sai ta koma sifili. Har yau ina rubuta nawa canjin man a shafukan da ya bari. A Gold Wing ɗin, idan na kasuwar Amurka ne, lambarsa mai haruffa da alƙaluma 17 za ta tabbatar maka da shekara, domin harafi na goma C ne ga na 1982, amma kada ka sa ran lambar injinsa ta zama ɗaya da ta sasis.

Ba ka tambaya ba, amma zan faɗa, domin an taɓa yi mini. Kafin wannan na sayi wani tsohon babur a hannun wani dillali da ya rantse mini cewa batir kawai yake so, takardu kuma yana kawowa gobe. Takardun ba su zo ba har yau, kuma da na goge wuyan sasis ɗin sai na ga an ci wurin da dutsen wasa an sake buga lamba a karkace. Duk wanda ya ce maka "lafiya lau aka ajiye shi", ka tambaye shi me ya sa aka ajiye shin. Idan ka je ka tarar injin da ɗumi, ka sani an tashe shi kafin zuwanka don kada ka ji yadda yake yi da sanyi. Idan ka ga sabon fenti a wuyan sasis kaɗai, ko injin da aka wanke tas alhali sauran jikin duk ƙura, ko sabuwar robar takawa a kan babur ɗin da aka ce bai yi tafiya ba, ka mayar da kuɗinka aljihu.

Ka koma wurin BMW ɗin da safe, da tocila da tsumma da sifanar filogi. Ka goge lambobin biyu ka haɗa su da takarda, ka kwance filogi ka juya tayar baya a babbar giya, ka buɗe magudanar man giya ka ga launinsa. Idan lambobin sun hau kuma injin ya juya, ka ɗauko shi a mota, kada ka yarda a tashe shi a wurin.