Kallo, zaman koyo ko fenti a tsakar gida: wanne ya dace da yaranku?

Da an ba da hutu, maigidan da ke son yaransa su san harkar zane yana da hanya uku. Ko ya kai su zagayen kallo a gidan baje kolin zane, ko ya biya musu zaman koyo wurin mai zane, ko ya sayo kaya a baje a tsakar gida. Shekarun yaro ne ke raba gardama, kuɗi na biye.

Zagayen kallo na manyan yara ne, daga shekara goma zuwa sama. A nan gida akwai Gidan Tarihi da ke tsohuwar Kwalejin Katsina, inda Sardauna da Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, ga Hasumiyar Gobarau, ga Rijiyar Kusugu a Daura. Sai dai waɗannan tarihi suke nunawa. Aikin masu zanen zamani sai an yi tattaki, ko dai sashen koyar da zane na Jami'ar Ahmadu Bello a Zariya, garin da su Uche Okeke da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo suka kafa ƙungiyarsu ta masu zane suna ɗalibai a 1958, ko kuma irin su Nike Art Gallery da Thought Pyramid a Abuja.

Kada a zuba mai a mota sai an buga waya. Irin waɗannan gidaje sukan sauke kaya su rataye wasu, in aka faɗa tsakani sai a tarar da bango fayau. A tambaya kuma me aka rataye, domin wasu ayyukan na surar mutum ne, wani lokaci ba sutura, gara a sani tun daga gida da a riƙa kare idon yaro da gyale. A nemi jagora mai jin Hausa. A gaya wa yara tun a ƙofa ba a taɓawa, saboda maiƙon hannu yana barin tabo a zane. Minti arba'in ya isa. Zane biyar da aka tsaya aka yi hira a kansu ya fi ɗari da aka wuce da gudu.

Ɗan shekara biyar zuwa tara kuwa hannunsa ke ƙaiƙayi, zaman koyo ne nasa. Kafin a biya, a ji yara nawa ne a hannun malami ɗaya. In sun haura takwas, reno ake yi. A ji ko kayan aiki na cikin kuɗin, da ko yaro zai tafi da abin da ya yi. Malamin da ke zana mangwaro a allo ya ce kowa ya kwafa bai fi darasin firamare ba. Gidan da ba ya son a zana mai rai ba shi da asara, ga dagi, ga adon bangon soraye, ga zayyanar allon sauka, ga sassaƙar ƙwarya. In ginin tukunya ne, sana'ar Ladi Kwali ta jikin naira 20, a sani yumɓu kan ɗauki kwanaki kafin ya bushe a gasa shi, don haka zaman yini ɗaya ɗanyen abu za a ba ku.

Na tsakar gida ya fi araha, amma a nan aka fi zubar da kuɗi a banza wajen sayen kayan da bai dace ba. Fentin ruwa mai ƙwaya-ƙwaya a cikin gwangwani shi ne mai sauƙi, yana fita a riga da sabulu. Matsalarsa takarda. Takardar firinta mai giram 80 tana jiƙa ta kumbura ta yage, sai yaro ya ɗauka shi ne bai iya ba. A nemi mai kauri, giram 200 zuwa 300, a liƙe gefunanta huɗu da tef a jikin katako. Fosta kala, wato fenti mai kauri da ake sirkawa da ruwa, ta fi haske a ido, tana kama kwali da kyau, ga arha. In aka lafta ta da kauri tana tsattsagewa bayan ta bushe, kuma in aka bar murfi a buɗe ta zama dutse.

Akirilik, wato fenti mai sinadarin roba, shi ne mai kyau da tsada, yana kama katako da ƙwarya da ƙyalle. Amma da zarar ya bushe ya zama roba, ba ya fita a yadin Sallah, buroshin da aka ajiye ba a wanke ba kuma ya tafi ke nan. Da hunturu, kafin yaro ya gama shawarar kalar da zai sa ya bushe a faranti. Mu dai ba ma ba ɗan ƙasa da shekara takwas shawarar sa. Kalar kakin zuma, wato kirayon, ta dace da ƙanana, in dai ba a manta ta a mota da bazara ba.

Ba sai an sayi kala ashirin da huɗu ba. Ja, ruwan ɗorawa, shuɗi, fari da baƙi sun wadatar, yaro ya gano da kansa shuɗi da ruwan ɗorawa ke haifar da kore. Buroshi uku, siriri da matsakaici da mai faɗi, kofin ruwa biyu, ɗaya na wanki ɗaya na sirki, sai tsohuwar rigar baba da buhu a shimfiɗa.

Mai son yumɓu ya je wurin maginan tukwane ya sayi wanda aka riga aka kwaɓa. A murza shi sosai iska ta fita, domin iskar da ta maƙale a ciki da sauran danshi su ke fasa tukunya a wuta. In yaro ya gama, a rufa wa aikin jiƙaƙƙen tsumma a ajiye a inuwa. Rana da iskar hunturu suna busar da bayan kafin cikin, kafin la'asar ya dare.